Gurbin da Na Cika da Jan Alƙalami

Ko tsufa zai kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna, ba zan taɓa mantawa da wani hantsin ranar kasuwar Dakoro ba. Ranar na tara mutane da bakina, na gayyato ɗan jarida da ƙafata, na zuba babbar rigar da nake zuwa Idi da ita, ashe duk shirin kallon kunyata nake yi. Babu wanda ya tura ni. Ni na tsara komai, har kujerar da na hau na yi jawabi daga ɗakina na ɗauko ta.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli, goma sha ɗaya daga ciki ina darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko, kafin in ajiye aiki. A garin nan ba mai kirana da sunan yanka, Mushe kawai ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, kuma in za a bi gaskiya ina jin daɗin sunan fiye da kima. Duk wanda takarda ta ɗaure wa kai ƙofar gidana yake nufa, ko ta haihuwa ce, ko ta fili, ko ta neman aiki. Sai in karɓa, in yi mata kallo ɗaya, in ce, "Wannan ai ba komi ba ce." Ina kuma da wata doka da na raini yara a kanta a aji: ba a miƙa takarda da gurbi a buɗe. Ka sani ko ba ka sani ba, ka cika. Yaron da ya bar mini layi fari ranar jarrabawa, tafin hannunsa ya san sauran. (Allah ya yafe mana, haka zamanin yake.) Dokar nan ta bi jikina har ta zama ciwo. In na ga gurbi babu komai a takarda sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Hammadi abokina ne, Bafillace makiyayi, rugarsu tana wajen Korahane. Mun san juna tun ina saurayi, lokacin da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da su, shi yana kawo mini nono, ni ina ba shi sukari da ganyen shayi. Bai yi boko ba, bai kuma taɓa nuna ya damu ba. Mutum ne mai ƙarancin magana. Zai iya zama wurinka daga azahar zuwa la'asar, abin da zai faɗa bai wuce gaisuwa da labarin rijiya ba.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta ɗauke da wuri, ciyawa ba ta yi ba. Da kaka Hammadi ya zo ya ce mini ya yanke shawara. Zai sayar da bijimai biyar tun suna da nama a jiki, ya ajiye kuɗin, in bazara ta yi tsanani ya sayi dusa da gurya ya ciyar da sauran shanun, talatin da 'yan kai, har ruwa ya sauka. Dabara ce mai kyau, kuma tasa ce, ba ni da hannu a ciki. Inda na shigo shi ne wajen ajiya. Shi niyyarsa ya bar kuɗin hannun wani ɗan kasuwar hatsi, kamar yadda mahaifinsa yake yi, in lokaci ya yi ya riƙa ɗaukar buhuna. Na yi masa dariya har da buga cinya.

"Hammadi, duniya ta wuce nan," na ce. "In mutumen ga ya mutu hwa? Ina takarda? Ina shaida?"

"Ɗiyanai sun san ni," in ji shi.

"Ɗiya! Tashi mu tahi in gwada maka inda masu hankali ka ajiya."

A lokacin wani kamfanin ajiya da ba da bashi ya buɗe reshe a garin, irin wanda muke kira kes. Sabon fenti, fanka tana juyawa, mai gadi da hula a bakin ƙofa. Suna da abin da suke kira ajiya mai wa'adi: ka sa kuɗinka wata shida ba ka taɓa ba, in wa'adi ya cika a ba ka abinka har da ɗan ƙari. Wata shida daga kaka, daidai tsakiyar bazara ke nan. Sai na ga kamar don Hammadi aka ƙirƙiro abin. Wadda take shugabantar reshen kuwa ɗalibata ce, Sa'ade, na koyar da ita tun daga aji ɗaya. Muna shiga ta miƙe tsaye, ta ba ni kujerarta, ta aika a kawo mini ruwan sanyi. To, daga nan kaina ya ƙara girma har na daina jin magana.

Ta kawo takardar yarjejeniya, shafi huɗu, da Faransanci. Ta ce bari ta zauna ta yi mana bayani layi-layi. Na ɗaga mata hannu.

"Sa'ade, ni za a yi ma bayanin takarda? Wa ya koya miki A?"

Ta yi murmushi ta ajiye mini takardar. Na zaro jan alƙalamina daga aljihu (na ajiye aiki amma ban ajiye shi ba), na hau cikawa. Suna, gari, sana'a, adadi. A ƙasan shafi na uku akwai wasu ƙananan gidaje da ake sa wa alama, kowane da ɗan siririn rubutu a gefensa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na soka musu alama, tsaf, kamar ina gyaran jarrabawa. Hammadi ya dangwala yatsa. Da 'yan uwansa suka ji Mushe da kansa ya tsaya a kan lamarin, mutum bakwai suka biyo baya da nasu kuɗin awaki da na maruƙa, na cika musu duka a safiya ɗaya, har ina duba agogo ina yaba wa kaina sauri.

Bazara ta zo da zafinta, wa'adi ya cika. Muka je da Hammadi da jakar fatarsa a rataye. Aka ce rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, injin ba ya aiki, mu dawo jibi. Jibi aka ce babban darekta na Maraɗi bai sa hannu ba. Mako na gaba aka ce motar da take kawo kuɗi ta lalace a hanya. Sa'ade kuma kullum "ta fita". Ana haka kuɗin dusa yana hawa, buhun da ka taya yau gobe ba za a sallama maka shi haka ba. Hammadi yana shigowa gari duk ranar kasuwa a bayan babur, ya zauna a bencin kes har a rufe, ya koma hannu wofi.

A mako na uku ya ce mini, "Mushe, jiya mun tada biyu da icce."

Wanda bai zauna da makiyaya ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. In yunwa ta ci saniya, takan kwanta ta kasa tashi, sai maza huɗu sun zura mata itace a ƙarƙashin ciki, wani ya kama wutsiya, a ɗaga ta. Wadda aka fara ɗagawa haka, in ba ta samu abinci ba, kwanakinta ƙidayayyu ne. Masu banda, wato masu ƙyafe nama su kai kasuwa, sun san da haka, shi ya sa a irin wannan lokaci suke yawo ruga-ruga da wuƙaƙe, suna sayen saniya a kuɗin akuya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wallahi ba za a yi wannan da ni ba. Da na bincika sai na tarar ba mu kaɗai ba ne. Akwai mata masu ƙuli-ƙuli, akwai mahauta, akwai wani tela, mutum wajen talatin, kowa wa'adinsa ya cika ana yi masa jeka-ka-dawo. Na tara su a ƙofar gidana, na naɗa kaina shugaba ba tare da an yi zaɓe ba. Na rubuta takardar koke shafi uku da Faransancin da ni kaina sai da na buɗe ƙamus. Na je gidan rediyon gari na gayyato wakilinsu, na ce ya zo da na'urarsa, zai ji abin da bai taɓa ji ba. (Wannan alƙawari dai na cika shi.)

Maiɗakina Rabi tana kallona ina goge takalmi da safen, ta ce, "Malam, da ka tahi kai ɗai ka ji ta bakin yarinyar ga tukuna. Ɗiyarka ce hwa."

Na ce, "Rabi, wanga ba zancen tuwo ba ne. Zancen doka ne."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗenta.

Muka isa ƙofar kes da hantsi, kasuwa ta fara cika, don haka kafin ka ce me mutanen da suka tsaya kallo sun ninka mu. Na dasa kujerata, na hau. Na yi sallama, na yi salati, na shiga jawabi. Na yi maganar amana, na yi maganar haƙƙin talaka, na kira Hammadi na tsayar da shi kusa da ni na ce a dubi mutumin da ake kashe wa shanu da alƙalami. (Ku riƙe wannan, da bakina na faɗa.) Mutane suna "Gaskiya ne, Mushe!" Ɗan jarida ya miƙo na'ura har tana taɓa gemuna. Ban taɓa jin daɗin muryata kamar ranar ba.

Sai ga Sa'ade ta fito. Ta zo har gaban kujera ta rusuna.

"Mushe, ina kwana. Don Allah ku shigo ofis mu yi magana mu biyu."

"Babu mu biyu! Abin da za ki hwaɗi, hwaɗe shi gaban jama'a."

"Mushe, don girman Allah. Minti biyar."

"Ni ba ni da abin ɓoyo!"

Ta sake roƙona karo na uku, a hankali, har idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa na ɗauka tsoro ne ya kama ta, na juya ga jama'a ina girgiza kai irin na wanda ya ci nasara. Ta koma ciki. Da ta dawo tana rungume da dosiye takwas, wato takardun mutanen da na cika wa. Ta buɗe na sama, ta ɗaga shafi na uku. Tun daga inda nake tsaye na hango jan tawada.

"Mushe, wanga rubutun wa ne?"

"Nawa ne," na ce da ƙarfi, "kuma babu kure ko ɗaya ciki."

"To ku karanta muna layin ga na ƙasa."

Na saka tabarau, na gyara murya, na fara karantawa da irin muryar da nake yi wa yara shifta, ina ja ina tsayawa a kan kowane waƙafi. Ina tsakiyar layin na gane abin da yake nufi. Na ƙarasa da ƙyar, ƙasa-ƙasa. Da a nan aka tsaya da na tsira, don yawancin waɗanda suke wurin ba sa jin Faransanci. Amma ɗan jaridar da na gayyato da ƙafata ya matso ya ce, "Mushe, ku juya muna shi da Hausa, don masu saurare."

Haka na tsaya a kan kujera, cikin babbar riga, na fassara wa Dakoro hukuncin kaina: "In wa'adi ya cika, na yarda a sabunta ajiyar nan har shekara guda, ba sai an sake tambayata ba." A gefen layin ga ɗan gida, a cikinsa ga alamata ja, kyakkyawa, ko karkacewa ba ta yi ba. Sa'ade ta buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Har takwas.

"Wurin ga ba dole ne a cika shi ba, Mushe," ta ce, kanta a ƙasa. "Wanda ya so ya sa alama, wanda bai so ba ya bari. Na so in hwaɗa muku ran nan, kunka ce kun sani."

Wuri ya yi tsit, har ina jin kukan akuya daga can turken kasuwa. Sai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, Iya Tabawa, ta ce da murya a sake, "A'aha! Ashe malamin ne bai yi karatu ba." Dariya ta fashe. Ni dai da dariyar ce kawai da na haɗiye. Abin da ya karya ni shi ne Hammadi. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Mushe, wato sai baɗi?"

"Sai baɗi war haka," na ce.

Ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙo hannu ya riƙe ni na sauko daga kujera. Taron ya watse, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tuna da kujera. Ni na ɗora ta a ka na ratsa kasuwa da ita, babbar riga tana jan ƙasa.

Rediyo ta sa labarin da yamma, ta maimaita da safe, aka kuma juya shi da Fillanci don kada wani ya ce an bar shi a baya. Kwana uku ban leƙa ƙofar gida ba sai masallaci, shi ma ta lungu. Rabi ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, wanda da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. A rana ta uku ta ajiye mini fura, ta tsaya.

"Malam, mutum nawa ka cika ma takarda?"

"Takwas. Sai kin tuna mini?"

"Ku nawa kunka tahi?"

"Wajen talatin."

"To su sauran, da ba kai ka cika musu ba, an biya su?"

Na ajiye ludayi. Wallahi tambayar nan ba ta zo mini ba, ba a kan kujera ba, ba a cikin kwana ukun ba. Kunya ta rufe mini ido har na manta Iya Tabawa ma kuɗinta take bi, kuma ba jan alƙalamina a takardarta. Kurena gaskiya ne, amma an ɗauke shi an rufe bakin mutum talatin da shi. Na tashi na ɗauko kwafin yarjejeniyar Hammadi, na shimfiɗa tabarma, na yi abin da ya kamata in yi wata shida baya: na karanta. Shafi huɗu, gaba da baya, da yatsa a kan layi kamar ɗan aji ɗaya. A bayan shafi na ƙarshe na sami wani sashe da ya ce mai ajiya yana iya karya wa'adi in ya nema a rubuce, a biya shi cikin kwana goma sha biyar, sai dai ya rasa ƙarin da aka yi masa alƙawari.

Na aika aka kira Hammadi na yi masa bayani, wannan karon kalma-kalma. Ya ce, "Ni dama ban ce a ƙara mini komi ba. Abin da na ba su nika so."

Na rubuta wasiƙa takwas, kowa ya dangwala yatsa. Fitowa da su daga gida zuwa kes ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, ko da yake ba ta kai zuwa tasha ba. 'Yan kabu-kabu, masu babur ɗin haya, suna hango ni suka fara, "Mushe, ga gurbi nan, a cika!" Na ɗaga musu hannu na wuce. Na tarar da Sa'ade, na ce ta buga wa kowace wasiƙa hatimi da kwanan wata ta ba ni kwafi. Ta buga. Sannan ta tura ƙofa ta rufe, ta fashe da kuka.

"Mushe, ku yahe mini. Daga Maraɗi anka ce in hiddo dosiyen ga in an matsa. Ko babu alamarku, babu kuɗɗin da zan ba ku. Akwatin ga wohi ne. Ni kaina wata ukku ban ga albashi ba."

Na ce mata na yafe, kurena ne ya ba su sanda. Amma na gaya mata daga gobe za ta riƙa ganina, kada ta ɗauka da ita nake.

Washegari na ɗauko kujerar nan dai, na dasa ta a ƙofar kes tun kafin mai gadi ya buɗe. Ba jawabi, ba ɗan jarida. Ni da kwafin wasiƙu a cinya, daga buɗewa har rufewa. Duk wanda ya zo da niyyar sabuwar ajiya sai ya tsaya mu gaisa, ya tambayi abin da nake jira, in gaya masa gaskiya, har da nawa kuren. Yawanci daga nan suke juyawa. Ana yi mini dariya, ina ji, ina zaune. A rana ta biyar Iya Tabawa ta zo da tabarmarta da tiren ƙuli-ƙuli ta zauna gefena.

"Kai dai ba ka da kunya," ta ce.

"Ta ƙare ran nan, Iya. Na kashe ta duka."

Ta tura mini takardarta ta ce in karanta mata, "amma da tabarau". Daga ita sai tela, sai mahauta, a hankali mutanen suka dawo.

Sai dai shanu ba su san kwana goma sha biyar ba. Na sayar da babur ɗina, wanda na saya da kuɗin sallamar aiki, na sayi dusa na ɗora a amalanke na aika ruga. Na san ba za ta kai ko'ina ba, baki talatin ne. Kwana goma sha biyar suka cika ba labari. Na shiga mota zuwa Maraɗi da wasiƙu masu hatimi. A babban ofishinsu aka bar ni a benci tun safe har la'asar, aka ce darekta yana taro. Na kwana gidan wani ƙanena, na koma da safe. Sau uku ina yin wannan tafiya, a ta uku na wuce na kai koke wajen hukumar da take sa ido kan irin waɗannan kamfanoni, na ajiye musu komai, har da shafin da yake ɗauke da jan alƙalamina, don kada wani ya riga ni nuna shi. Wanda ya karɓi koken ya duba shafin, ya dube ni, ya ce, "A, ku ne na rediyo?" Na ce ni ne.

Daga ƙarshe suka fara biya, gutsi-gutsi. Na Hammadi ya fito kashi uku. Kashin farko ya zo ana saura kwanaki ruwa ya sauka, ya sayi abin da ya samu a kuɗin da ya ninka na da. Kashi na ƙarshe bai fito ba sai da ciyawa ta rufe ƙasa, lokacin da ko kyauta ka ba saniya dusa sai ta yi maka yanga. Wasu daga cikin mutanen har yau da sauran kuɗinsu, kuma har yau ni nake rubuta musu wasiƙa, ban kuma da niyyar dainawa.

Ni na kai masa kashin ƙarshen da kaina, a bayan babur ɗin haya. Na tarar da shi a bakin tafki, shanu suna kiwo. Ban iya ƙidayar shanu da ido irin tasu ba, amma ko ni na ga garken ya yi gibi. Na tambaye shi nawa. Ya ce goma sha ɗaya: huɗu sun mutu a kwance, bakwai masu banda sun ɗauka. Ya faɗa kamar yana ba ni labarin wani.

Akwai abin da ban gaya muku ba, don ko yanzu nauyinsa nake ji. A cikin garken nan akwai shanu biyu nawa, da na ba shi kiwo shekaru da yawa. Duk tsawon bazarar ban taɓa tambayarsa su ba, ina da bakin tambaya? A raina na riga na sallama su, har ina ganin in sun mutu an rage mini laifi. Muna tsaye sai ya nuna da sanda. Ga su can, ja da fara, suna tsaye da ƙafafunsu, har jar tana da ɗan maraƙi.

"Hammadi, ya anka yi waɗanga sunka tsira?"

"Su muka hwara ba dusa."

"Dusar da na aiko don naka na aiko ta!"

"Na sani."

"To don mi?"

Ya juya yana kallon tafki. "Nawa in sun mutu, tsakanina da Allah ne. Naka amana ce, Mushe. In sun mutu, mi zan ce maka?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce ya riƙe su duka uku, na bar masa halak malak. Ya ƙi. Na rantse, ya rantse. Da ƙyar, bayan dattawan ruga sun sa baki, ya yarda ya karɓi maraƙin, shi ma ya ce don kada rantsuwata ta faɗi ƙasa ne. Kunyar ranar kasuwa ta yi mako biyu ana dariyarta ta wuce. Wannan ta bakin tafki ba wanda ya gani, ba rediyon da ta ɗauka, ita ce har yau take tashe ni zaune.

Yanzu in ka kawo mini takarda, ka zo da haƙurinka, don ko ta maganin tari ce sai na karanta ta gaba da baya, in juya maka da Hausa, in tambaye ka ko ka gane, in sake tambayarka. Mutane sun fara cewa Mushe ya tsufa, ya yi nawa, wasu ma sun koma wajen wani mai shagon kwafi da yake cika takarda cikin minti biyu. Ban ji haushi ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina dukan 'ya'yan mutane a kan su cika abin da ba su sani ba, sai da na tsufa na gane yaron da yake barin gurbi fari ya fi ni gaskiya, shi ya san bai sani ba. Shi bulala biyu ya sha a wurina. Ni kuwa ko ɗaya ban sha ba, shanun Hammadi goma sha ɗaya ne suka sha mini.